Darasi na Goma Sha Ɗaya: Zanen da Ka Biya Aka Yi Maka, Na Wane Ne?

A kowace rana, a shagunan buga takardu na Kano da Kaduna da Jos, ana ƙulla wani irin ciniki da fatar baki kawai. Mai gidan burodi yana son tambarin da zai sa a ledarsa, marubuciya tana son bangon littafinta, makarantar Islamiyya tana son bajon da za a ɗinka a rigar ɗalibai. Sai a zauna gaban kwamfuta, mai zane ya buɗe CorelDRAW, a yi ta gyara: ƙara girman rubutun nan, mayar da jan nan ruwan goro, cire zangarniyar alkamar nan ka sa guda biyu. Idan aiki ya yi daidai, a tura kuɗi ta waya, a turo hoton ta WhatsApp, a yi musabaha a rabu. Babu wanda ya ambaci haƙƙin mallaka, domin kowannensu yana ganin babu abin tambaya. Mai burodi ya tafi da yaƙinin cewa ya sayi zanen ɗungurungum. Mai zane kuwa ya adana fayil ɗin a kwamfutarsa, a ganinsa aikin hannunsa ne, gobe ma yana iya sauya suna da launi ya sayar wa wani. Wannan darasi zai nuna cewa a Najeriya biyan kuɗin aiki shi kaɗai ba ya mayar da haƙƙin mallakar zane hannun wanda ya biya, cewa doka tana da hujja mai ƙarfi da ta tsara abin haka, kuma cewa takarda guda da aka rubuta a lokacin ciniki ita ce ke raba gardamar.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1988. Sashe na 28 ya kafa ƙa'idar farko: haƙƙin mallaka yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai fa idan an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Ba sai mai zane ya je wani ofis ya yi rajista ba. Da zarar zanen ya fito a takarda ko a kwamfuta, kuma akwai ƙoƙarinsa na ƙirƙira a ciki, haƙƙin ya tabbata. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista, amma amfanin rajistar shi ne ta zama shaida ranar da rigima ta tashi. Sashe na 30 kuma ya ce wannan haƙƙi dukiya ce, ana sayar da ita, ana yin wasiyya da ita, ana gadonta, sai dai sallama ta ga wani ba ta inganta sai a rubuce. Haka ma izinin da zai keɓe amfanin zane ga mutum ɗaya shi kaɗai, dole ya zama a rubuce. Ba kuma haƙƙi ne na ɗan lokaci ba: ga zanen hannu ko na kwamfuta, yana nan tsawon rayuwar mai zanen, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan mai burodin da bai karɓi takarda ba, wata rana da magadan mai zane zai yi magana.

To me mai burodi ya saya da kuɗinsa? Ya sayi abu biyu. Na farko shi ne kwafin da aka ba shi, hoton da ke wayarsa da ledojin da aka buga masa, waɗannan nasa ne babu ja. Na biyu shi ne izinin amfani da zanen a kan abin da aka yi cinikin dominsa. Doka ta yarda cewa izinin da bai keɓanta ga mutum ɗaya ba yana iya zama da baki, ana ma iya fahimtarsa daga yadda mutanen biyu suka yi mu'amala. Saboda haka mai zanen da ya karɓi kuɗin tambarin burodi ba zai dawo ya hana a buga shi a ledar burodi ba. Wanda ya kai shadda wurin maɗinki aka yi mata aiki ya san wannan bambancin ko da bai taɓa ba shi suna ba: rigar tasa ce, ya sa, ya kyautar, ya sayar, amma bai taɓa tunanin ya hana maɗinkin yi wa wani irin wannan aikin a wuyan wata rigar ba. Matsala tana fara kunno kai ne inda aka wuce abin da aka ambata. Marubuciyar da ta biya kuɗin bangon littafi, daga baya labarin ya zama fim, aka ɗauki zanen aka yi fosta da shi, aka buga shi a riguna ana sayarwa, ta fita daga iyakar izinin da kowa zai ce an ba ta. Mai zanen yana da bakin magana, kuma kotun da ke sauraren irin wannan ƙara ita ce Babbar Kotun Tarayya.

Mai ba da aiki zai ce: ai tunanin nawa ne, ni na ce a sa alkama, ni na zaɓi launi, shi dai hannu kawai ya motsa, kuma na biya shi ladan motsa hannun. Wannan magana tana da nauyi a zuciya, amma ba ta da shi a doka, domin dokar haƙƙin mallaka ba ta kare tunani zalla, tana kare siffar da aka fito da tunanin a cikinta. Mutum goma za ka ce wa su zana zangarniyar alkama a cikin da'ira, su kawo maka zane goma mabambanta, kuma abin da ya bambanta su shi ne abin da doka take kira aikin mai zane. Bayan wannan akwai tambayar da ta fi muhimmanci: idan mutum biyu sun yi shiru a kan wani sharaɗi, wa ya kamata shirun ya amfana? Mai ba da aiki shi ne ya san inda kasuwancinsa ya dosa. Shi ya san ko shago ɗaya zai tsaya, ko yana shirin buɗe rassa a jihohi biyar. Mai zane bai sani ba, kuma ya yanka farashi ne gwargwadon abin da aka gaya masa. Da doka ta ce shiru yana mayar da komai ga mai biya, da babu abin da zai sa mai kuɗi ya bayyana nufinsa, sai ya sayi babban abu da kuɗin ƙarami. Da ta bar haƙƙin a hannun mai zane, sai ya zama tilas wanda yake son duka ya buɗe baki ya nema, a yi masa farashin duka. A cinikin da galibi ɗaya ɓangaren matashi ne mai kwamfuta guda da hayar shago a wuyansa, wannan tsari shi ne ya fi kusa da adalci.

Ba kowace ƙasa ce ta zaɓi wannan hanya ba, kuma sanin haka yana da amfani ga mai aiki da mutanen ƙetare. Dokar Ghana ta 2005 ta juya lamarin: idan babu yarjejeniyar da ta saɓa, haƙƙin cin moriyar aiki yana komawa ga wanda ya ba da aikin ko wanda ya ɗauki ma'aikacin. Saboda haka mai zane a Kumasi da takwaransa a Kano, ko da harshe ɗaya suke yi kuma aiki iri ɗaya suka karɓa, ba matsayinsu ɗaya ba idan aka yi shiru. Amurka kuwa ta fi kusa da Najeriya a kan wanda yake aikin kansa. A 1985 wata ƙungiya mai taimakon marasa muhalli a birnin Washinton ta ba wani masassaƙi, James Earl Reid, aikin mutum-mutumi na wasu iyali da ke kwana a titi. Ba su rubuta komai ba, ba su kuma taɓo zancen haƙƙin mallaka ba. Da saɓani ya shiga tsakaninsu, shari'ar ta kai har Kotun Ƙolin ƙasar, wadda a 1989 ta yanke cewa Reid ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikacin ƙungiyar ba, don haka biyansa bai sa aikin ya zama na ƙungiyar kai tsaye ba.

Ko a Najeriya ma ƙa'idar tana da togaciya, kuma mai koyo ya riƙe su da kyau. Aikin da aka yi wa gwamnati, ko ma'aikatarta, ko hukumarta, na gwamnati ne idan ba a yi sharaɗin da ya saɓa ba, ko mai zanen ma'aikaci ne ko ɗan kwangila. Sashe na 28 bai yi wa kamfanoni masu zaman kansu irin wannan tanadi ba, shi ya sa mai maɗaba'ar da ya ɗauki masu zane aiki ya kamata ya sa maganar a takardar ɗaukar aiki. Sai kuma hoton da mutum ya sa aka ɗauka ko aka zana don amfanin gidansa, kamar hotunan biki ko na suna. A nan doka ta ba wanda ya ba da aikin izinin amfani da shi ba don kasuwanci ba, ta kuma ba shi ikon hana a yaɗa shi. Mai hoton da ya ɗauki amarya ya liƙa a Instagram don tallar shagonsa ba da yardar masu biki ba, ya taka wannan tanadi, ko da kuwa shi ne mai haƙƙin mallakar hoton. Togaciya ta uku ta shafi masu harkar yadi. Zanen da tun farko aka yi shi domin ya zama samfurin da inji zai riƙa bugawa da yawa, kamar adon atamfa ko siffar kwalba, yana ƙarƙashin wata doka dabam ta 1970, mai kula da ƙirƙire-ƙirƙire da zanen masana'antu. Ita wannan dokar ta ba wanda ya ba da aikin mallakar zanen, kariyar tana samuwa ne ta hanyar rajista, kuma shekara biyar ce, ana sabunta ta sau biyu, jimilla 15. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sa aka zana masa adon atamfa yana kan wata turba ce dabam da ta marubuciya mai bangon littafi. Iyakar da ke tsakanin dokokin biyu siririya ce a wasu ayyukan, wannan ma wani dalili ne na kada a bar magana a baki.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan tsari ta shafi tambari, kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba. Tambari ba kamar zanen kalanda ba ne. Amfaninsa duka shi ne ya zama na mutum ɗaya. Ranar da gidan burodi biyu suka fito da tambari iri ɗaya, ya tashi daga aiki. To ina hankali a ce mai zane ya riƙe haƙƙin abin da ba shi da wani amfani a wurinsa, in ba ya sayar wa abokin hamayya ko ya tsorata mai shi ba? Kotunan Ingila sun fuskanci wannan tambaya a shari'ar takalman Dr. Martens. A 1988 wani mai zane mai zaman kansa, Ross Evans, ya haɗa wa kamfanin Griggs, mai yin takalman, tambari ta hannun wani kamfanin talla, ba tare da an rubuta wa ke da haƙƙin ba. Bayan shekaru, sai ya sallama haƙƙin ga wani kamfanin takalma na Ostireliya. Babbar Kotu a 2003, da Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2005, duka sun ce ko da ba a faɗa ba, duk mai hankali ya san wanda ya sa a yi masa tambari yana nufin ya mallake shi, don haka moriyar haƙƙin ta Griggs ce. Hukuncin ya yi daidai, kuma gaskiya ne cewa a batun tambari wanda ya ba da aiki shi ya cancanci mallaka. Amma a duba abin da ya ci kafin a kai ga haka: kamfani mai ƙarfi, da manyan lauyoyi, da kotu biyu, shekara 17 bayan an yi zanen. Hukuncin Ingila kuma ba wajibi ba ne a kan alƙalin Najeriya, ko da yake lauyoyi suna kafa hujja da shi, ga kuma sashe na 30 yana neman rubutu ƙarara. Mai burodi ba shi da kuɗin wannan doguwar tafiya, alhali layi uku a takarda sun ishe shi. Idan ya samu takardar, sai ya ƙara da yin rajistar tambarin a matsayin alamar kasuwanci a ofishin rajista na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, inda rajistar farko take shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14. Rajistar alamar kasuwanci ba ta goge haƙƙin mai zane, shi ya sa takardar sallamawa ce ya kamata ta riga ta.

Shi ma mai zane yana da nasa tsoron, kuma ba na banza ba ne. Zai ce: idan na sallama duka yau a kan kuɗi kaɗan, gobe kasuwancin ya bunƙasa, ni na tashi a tutar babu. Misalin da aka fi sani shi ne na Carolyn Davidson, ɗalibar jami'a a Amurka, wadda ta zana tambarin Nike a 1971 aka biya ta dala 35. A 1983 kamfanin ya ba ta zoben zinare da hannun jari, amma wannan karamci ne, ba bashi ba ne da za ta iya bi a kotu, kuma ba kowane mai kamfani ne zai tuna ba. Sai dai maganin wannan tsoro ba shi ne mai zane ya yi shiru ya ɓoye haƙƙinsa kamar tarko, yana jiran ranar da kasuwancin zai yi ƙiba ba. Wannan yaudara ce ko da doka ta ba shi ƙofa, kuma tana kashe amana a sana'ar baki ɗaya. Abin da ya dace shi ne ya faɗi farashi biyu tun a farko: ga kuɗin izinin amfani a kan abu kaza, ga kuma kuɗin sallamawa gaba ɗaya. Ya kuma sani cewa akwai abin da ba ya barin hannunsa ko ya sallama. Sashe na 14 ya ba shi haƙƙin a danganta aikin gare shi, da haƙƙin ƙin yarda a lalata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, kuma waɗannan ba sa komawa ga kowa muddin yana raye. Akwai kuma wani amfani da masu zane ba su cika lura da shi ba. Wanda ya rubuta cewa haƙƙin ba zai koma ga mai ba da aiki ba sai an cika kuɗi, ya riƙe igiya a hannunsa. Duk wanda ya san yadda ake bin cikon kuɗin fosta bayan an gama zaɓe ya san darajar wannan sharaɗi.

Saura masu cewa neman takarda rashin yarda ne, ko kuma wannan duk al'adar Turawa ce, mu a wurinmu ilimi da fasaha ba a yi musu shinge. Ga na farko, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka umarta da rubutun, ba maƙiyan juna ba. Rubutu ba ya zargin kowa, yana tsare mutum ne daga mantuwa, daga mutuwa, daga magadan da ba su halarci ciniki ba. Ga na biyu, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamar kasuwanci da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Wanda ya ɗauki zanen wani ya ci kasuwa da shi fiye da abin da aka yi ciniki a kai, da wanda ya sayar wa mutum tambari sannan ya zagaya ya sayar wa maƙwabcinsa, dukansu sun ci abin da ba nasu ba.

Takardar da ake magana ba sai ta yi tsawo ba, ba kuma sai da Turanci ba. Hausa ta wadatar, muddin kowa ya fahimta ya sa hannu, da kwanan wata da shaida. Ta ambaci sunayen mutanen biyu da aikin da aka yi, ta faɗi a fili ko sallamawa ce gaba ɗaya ko izini ne, idan izini ne a kan me, har zuwa yaushe, kuma ko mai zane yana iya ba wani. Ta faɗi lokacin da haƙƙin zai koma. Ta kuma taɓo fayil na asali, domin nan ne rigima ta fi yawa. Hoton da aka turo ta WhatsApp, idan aka ja shi zuwa girman allon talla, sai ya dusashe, gefen haruffa ya yi tsaki-tsaki. Fayil na asali, irin na CorelDRAW, shi ne ake iya buɗewa a gyara, a ƙara masa girma ba tare da ya lalace ba. Mai ba da aikin da bai nemi wannan fayil a ciniki ba, zai koma wurin mai zane duk ranar da lambar wayarsa ta sauya. Abu na ƙarshe da ya kamata takardar ta ƙunsa shi ne tabbacin mai zane cewa aikin nasa ne. Mutum ba ya sallama abin da bai mallaka ba, kuma zanen da aka harhaɗa daga hotunan da aka kwaso a intanet, ko daga shiryayyun samfuran Canva waɗanda kowa yake iya ɗauka, ba ya zama mallakin mutum ɗaya don an rubuta takarda. Idan mai zane yana son ya riƙa nuna aikin ga masu neman ya yi musu aiki, shi ma a rubuta, domin abu ne da mai aiki ba ya rasa komai idan ya yarda da shi.

Mai karatu da ya riga ya biya aka yi masa tambari shekarun baya, kuma babu komai a rubuce, ƙofa ba ta rufe ba, domin doka ba ta hana a rubuta sallamawa bayan an gama aiki ba. Ka nemi wanda ya yi maka zanen tun kuna shiri, tun yana raye, tun kafin kasuwancinka ya kai girman da zai sa farashin ya tashi. Ku zauna ku daidaita, ka biya shi abin da ya dace, ya rubuta maka ya sa hannu, ka karɓi fayil ɗinka.